Katangar Gidan Inno

Gwandu,
18 ga Disamba, 1995.

Zuwa ga Adda Hadijatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da mutanen gidan marigayi Malam Lawal baki ɗaya. Mu nan lafiya lau, sai ciwon gwiwa da ya sa ni salla a zaune kwana biyu, shi ma ya yi sauƙi. Maiɗakina tana gaishe ki.

Na san abin da za ki fara faɗi. Shekara shida ban tako Kalgo ba, da mijinki ya rasu ma saƙo kawai na aika. Na karɓi laifina. Amma kakana da kakarki ciki ɗaya suka fito, wasan taubasai kuwa gadonsa muka yi, don haka ko zagina kika yi ladan zumunci za a rubuta miki.

Labarin da ke akwai shi ne na ajiye aikin duba-gari bara, yanzu kuma zan tsaya takarar kansila a shiyarmu. Kada ki yi dariya. Garin nan ya fi ƙarfin talaka, Adda. Rijiyoyin shiyarmu uku sun ƙafe tun kaka. Wadda ta rage ita ce ta Alhaji Hamidu, ya sa mata inji ya kewaye ta da waya, 'yan garuwa na saye wurinsa suna sayar mana ninki biyu. Akwai gidan da ake yi wa yara wanka ranar Juma'a kawai. Rumfunan kasuwa rabinsu nasa ne, haya kullum sama take yi. Kwatar da ke bin bayan makaranta kuwa, shekara ashirin ina rubuta rahoto a kanta, ba wanda ya taɓa ɗaga shebur. To shi Alhajin ne abokin takarata.

Ki sa ni a addu'a. Kulu mai kawo shinkafa kasuwarmu ce za ta kawo miki wannan, in akwai amsa ki ba ta.

Af, kafin in manta, mabuɗin gidan Inno yana wurinki har yanzu? Na bi ta lungun jiya, na ga katangar baya ta fara zaizayewa.

Naki,
Sambo.

*

Kalgo,
27 ga Disamba, 1995.

Zuwa ga Malam Sambo, kansilan gobe,

Na amsa gaisuwarka, na gode. Ina lafiya, sai hayaƙin turara shinkafa da ke cin idona. Ka gaida maiɗakinka, ka ce ina yi mata sannu da haƙuri.

Na karanta takardarka sau uku. Ta farko na yi murna, ta biyu na yi dariya, ta uku na tsaya kan layin ƙarshe na daɗe. Ruwa ba ya tsami banza, Sambo. Mutum ya yi shekara shida bai san ko ina raye ba, rana ɗaya ya cika mini shafi biyu da kwata da rumfa, sannan ya ce af, kafin in manta. Ni da kai mun san abin da ka ce ka kusa mantawa shi ne ya sa ka sayi takarda da ambulan.

Ni ba ni da ƙuri'a a Gwandu, a nan na yanki kati. Addu'a kuwa ba ta bukatar mabuɗi.

Kuma ina mamakin wanda ya ba ka shawarar neman ƙuri'ar mata. Ka manta kai ne ka shiga gidan mahaifiyata da farar hularka ta aiki, ka leƙa randarta ka ce akwai tsutsa, ka sa aka kifar da ita a tsakar gida? Inno ta yafe maka don kai ɗa ne. Sauran matan shiyar ba su haife ka ba.

Mabuɗi yana nan ɗaure a bakin zanena inda Inno ta bar shi. Gidan nawa ne, alƙali ya raba gado, kai ma ka sa hannu cikin shaidu. Ka faɗi abin da kake so a fili, kada ka yi ta kewaye ni kamar akuya da turke.

Taubashiyarka,
Hadijatu.

*

Gwandu,
6 ga Janairu, 1996.

Adda Hadijatu,

Sallama da gaisuwa. Na ji daɗi da kina lafiya. Don idon, ki riƙa wanke shi da ruwan sanyi bayan kin sauke tukunya, kuma ki daina sa masa kwalli kwana biyu.

Kin kama ni, ba zan yi gardama ba. Ga maganar. Rijiyar gidan Inno ba ta taɓa ƙafewa ba, ko shekarar fari da shanu suka yi ta faɗuwa ita ta riƙe mu. Na leƙa ta kan katanga, ruwa yana nan kwance, ganyen darbejiya ne kawai ya rufe shi. Gida a kulle shekara bakwai, ruwa mai daɗi ba mai sha, ga mutane ɗari uku a bayan katanga suna sayen na wanke hannu.

Abin da nake roƙo shi ne ki ba ni izini in buɗe ƙofa a katangar baya, ta wajen lungu, mata su riƙa ɗiba kyauta har ruwan sama ya sauka. Ɗakunan ba wanda zai taɓa, zan sa zana in tare su. Da damina ta kama zan mayar da katangar da tubalina da ladan maginina. In na ci zaɓe, aikin farko shi ne a yashe rijiyoyin shiya uku, kin ga ba wanda zai sake bukatar taki.

Ba zan ɓoye miki ba, abin zai taimake ni. Mutane sun gaji da alkawarin baki, suna son su ga ruwa a bokiti. Amma ladan ba nawa ba ne, na Inno ne, yana isa gare ta cikin kabari.

Ina jiran amsa ta hannun Kulu.

Naki,
Sambo.

*

Kalgo,
19 ga Janairu, 1996.

Malam Sambo,

Ina gaisuwa. Ido ya yi sauƙi, ba don maganinka ba. Allah ya kai mu watan azumi lafiya.

Amsata ita ce a'a. Na rubuta ta da wuri don kada ka wahala nemanta a ƙasan shafi.

Kai da ka yi shekara ashirin kana leƙa rijiyoyin mutane, ka gaya mini rijiya ɗaya da gari ya sha wata uku sannan mai ita ya mayar da katanga ya zauna lafiya. Babu. Rijiyar da gari ya sha ta zama ta gari. Ƙafa in ta yi hanya ba a toshe ta. Ka tuna mutumin Masama da ya buɗe garkarsa mai rijiya shekarar fari? Da ya tashi rufewa, liman da kansa ya hau mumbari a kan masu hana ruwa, har ya mutu ba a daina kiransa Mai-rowar-ruwa ba, garkar kuma ta zama turbar jakuna. Kai za ka sha yabon buɗewa, ni in sha tsinuwar rufewa.

Bari in gaya maka abin da ba ka tambaya ba. Ɗaki ɗaya nake ciki a gidan ƙannen mijina. Ba su kore ni ba, amma ɗansu zai yi aure bayan babbar salla, na ga uwarsa tana auna ɗakina da ido. 'Ya'yana mata ne, kowace tana gidan wani. Gidan Inno shi ne inda zan kai tsufana. Ba ni da gona, ba ni da saniya, shi ke nan abin da na mallaka a duniya. Ina tsoron in rasa shi, kuma ba na jin kunyar faɗi.

Sai wata magana. Kwana huɗu bayan takardarka, wani mutum ya yi sallama da ni, da babbar riga da goro a leda. Ya ce Alhaji Hamidu ne ya aiko shi gaisuwa. Ya zauna ya ce, "Hajiya, an ce gidan tsohuwa na nan ba kowa ciki. Alhaji na son shi, in kina saidawa, ba ya yi miki ƙwauro." Ni da ban taɓa zuwa Makka ba, ranar na zama Hajiya.

Wa ya gaya wa Alhaji akwai magana a kan gidan? Ko Kulu tana buɗe ambulan, ko kuwa bakinku ɗaya kai da shi, kai ka tsorata ni da taron gari, shi ya zo ya saya da araha, ku haɗu a bayan fage ku raba. Na ga an yi haka a Kalgo, 'yan takara biyu suna zagin juna da rana, ana ganinsu kwano ɗaya da la'asar. Ban ce haka ne ba. Na dai ce biri ya yi kama da mutum.

Kada ka taɓa mini katanga.

Hadijatu.

*

Kalgo,
24 ga Fabrairu, 1996.

Sambo,

Barka da salla, don ba a hana musulmi gaisuwa. Lafiyata ƙalau, in ban da abin da ka sa mini a zuciya.

Wata guda da kwana biyar ban ji daga gare ka ba. Na ɗauka ka ji a'a ka yi fushi, na ce ba komai, fushin taubashi ba ya kai shekara. Jiya a kasuwa wata mai albasa daga wajenku tana auna mini, tana ba maƙwabciyarta labari, ba ta san ko ni wace ce ba. Ta ce, "Ai mu yanzu mun huta da 'yan garuwa. Malam Sambo ya hwasa wani kango, ga ruwa kamar zuma, kowa na ɗiba." Na ce mata wane kango? Ta kwatanta mini lungun da aka haife ni.

Kango ta ce, Sambo. Gidan uwata.

Albasar a wurin na bar ta. Ban san yadda na iso gida ba.

Na ce kada ka taɓa, ka taɓa. To ka sani, mutumin Alhaji ya dawo tun cikin azumi, ban ba shi fuska ba. Yanzu zan ba shi. Ka rubuto mini abin da za ka faɗa, in akwai, don in san da wane baki za ka yi ƙaryar. Wannan takarda ba ta hannun Kulu za ta zo ba, direban motar Gwandu na ba.

Hadijatu.

*

Gwandu,
2 ga Maris, 1996.

Adda Hadijatu,

Barkanmu da salla, Allah ya maimaita mana. Gwiwa ta tashi kuma saboda yawon gida-gida, amma ba ita ce damuwata yau ba.

Takardunki biyu rana ɗaya suka shigo hannuna. Ta direba ta zo jiya da safe. Da na karanta ban gane kanta ba, sai na tafi gidan da Kulu ke sauka, aka ce ba ta zo kasuwa ba tun farkon azumi, 'yarta ta haihu a Diggi ta tafi zaman jego. Jiyan nan ta dawo. Ta zazzage buhunta, ga takardarki ta watan Janairu a ƙasa, duk ƙaiƙayi. Wallahi ban ga a'arki ba sai jiya. Ki tambaye ta.

Kuma ba ni na fasa katanga ba. Ranar Juma'a ta uku a cikin azumi, muna masallaci, wuta ta tashi a gidan Hauwa'u mai ƙuli-ƙuli, wanda ke manne da bayan gidan Inno. Tana suyar gyaɗa, mai ya kama, ya lashi danni, ya hau rufin ɗaki. Maza duk suna salla. Randunan shiya ba wadda ke da rabin ruwa, kin san dalili. Matan suka ɗauko taɓare suka rushe katangar daidai inda ta zaizaye, suka yi ta ja da guga. Kafin mu sallame sun kashe wutar. Ɗaki ɗaya ya ƙone, Hauwa'u ta ƙone a hannu, ba a rasa rai ba. Ba don rijiyar nan ba da shiyar ta tafi, har da ɗakunanki.

Wannan shi ne abin da ban yi ba. Ga wanda na yi. Washegari na ga mata sun yi layi a wurin, ban kore su ba. Na ce a raina wata guda na tambayi Adda ba ta amsa ba, shiru ma amsa ce. Na sa aka yashe rijiyar, na gyara bakinta da siminti, na tare ɗakunan da zana kamar yadda na faɗa. Na sani wannan son zuciya ne, don na fassara shirunki yadda ya yi mini daɗi.

Maganar Alhaji kuwa, ki wanke Kulu, ko sunanta ba ta iya karantawa. Laifin bakina ne. Tun kafin in rubuto miki takardar farko, a wani taro a ƙofar mai shiya, aka ce da me zan kawo ruwa ni da ba ni da ko keke mai kyau. Zuciya ta ɗebe ni na ce akwai rijiya a gidan 'yar'uwata, magana ɗaya zan yi a buɗe. Kafin magariba ta kai kunnensa. Na yi alkawari da abin da ba nawa ba, sannan na zo neman izini. Kunya ta hana ni gaya miki.

Amma ki ce bakina ɗaya da shi, wannan ya yi mini zafi. In ya sayi gidan, siminti zai zuba wa rijiyar, don kowane guga da aka ja a can garwa ɗaya ce ba a saya wurinsa ba. Saura mako biyu zaɓe. Ki yi mini haƙuri har damina. Alkawarin tubali yana nan.

Naki,
Sambo.

*

Kalgo,
9 ga Maris, 1996.

Malam Sambo,

Na gaishe ka. Allah ya ba Hauwa'u lafiya, ya mayar mata da alheri.

Na tambayi Kulu, ta rantse, na yarda da maganar takarda. Sauran kuwa, bari in jera maka yadda na ji su. Kana son katanga ta faɗi. Sai wuta ta tashi a gidan da ke manne da ita, ba wani ba. Ranar da ba namiji ko ɗaya a shiya. Cikin azumi, da rana tsaka, lokacin da murhun kowa yake a kashe. Kai kuma kana masallaci inda kowa zai shaide ka. Matan kuma suka san daidai inda katangar ta zaizaye, wurin da kai ka rubuto mini tun Disamba. In kai ne ni, me za ka ce?

Mutumin Alhaji ya zo karo na uku, wannan karon da takarda bugun keken rubutu. Ƙara ce zuwa kotu, cewa ka shiga gidana ba izini ka rushe. Ya ce in na dangwala hannu, su za su bi sauran, kafin ranar zaɓe an ɗauke ka, an cire sunanka, Alhaji kuma ya tayar mini da katanga ta bulo, ko na sayar ko ban sayar ba. Ya ce, "Hajiya, hakkinki na, ba mu ce ki yi ƙarya ba."

Kuma gaskiyarsa, ba ƙarya a ciki. Takardar tana ƙarƙashin tabarmata. Ban dangwala ba, ban kuma yaga ba.

Hadijatu.

*

Gwandu,
18 ga Maris, 1996.

Adda,

Ina gaisuwa. Lafiya sai godiya.

Ba sai kin dangwala ba, an gama da ni ba tare da ke ba. Na faɗi.

Kin san yadda aka yi zaɓen, ba akwati ba ne, layi ne. Aka kafa hotona a jikin sanda, aka kafa na Alhaji, aka ce kowa ya tsaya bayan wanda yake so a ƙirga kawuna. Da akwati ne da na ce an yi mini maguɗi in samu abin riƙewa. Wannan kuwa da idona na gani. Alhaji ya sa kujera a inuwa, mutanensa biyu suna tsaye suna duban fuskoki. Duk mai rumfa a kasuwa ya san ana kallonsa, duk mai haya a gidajensa ya sani. Maza suka riƙa wuce ni kai a ƙasa.

Na ce to, mata za su fisshe ni. Adda, matan da suka ja ruwa a gidan Inno da safen nan, zannuwansu ba su bushe ba, na ga sun bi layinsa ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa da na kai wa ruwa har ɗaki cikin azumi ta tsaya gabana ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, ɗana shina da rumhwa. Kuma kai ka kihe man randa shekarar da anka yi kwalara." Shekara goma sha biyar, ba ta manta ba. Kin faɗa, ban ji ba.

Mutum sittin da ɗaya suka tsaya bayana. Shi ban tsaya jin nasa ba.

Kwana biyu ban fita ba. Yau na fita, na je wurin magini. Akwai tubalin da aka buga mini don ɗakin da zan ƙara a gidana, ya bushe, na ce a kwashe shi zuwa lungun Inno. Ba sai damina ba. Ranar Asabar za a tayar da katangarki yadda take, har ta fi da tsawo. Matan su koma wurin wanda suka zaɓa su saya. In liman zai yi huɗuba, ya yi a kaina, ni na buɗe ni na rufe, sunanki ba zai fito ba. Kin samu abin da kike so, gidanki ya dawo.

Maganar wuta ba zan amsa ba. In har kina ganin zan iya cinna wa matar aure wuta da azumi a bakina don kujerar kansila, ba rantsuwar da za ta wanke ni.

Sambo.

*

Kalgo,
20 ga Maris, 1996.

Malam Sambo,

Gaisuwa da jaje. Allah ya sa haka ne mafi alheri. Na biya direba ya kawo maka wannan hannu da hannu don ta riga Asabar. Ka aika wa magini ya dakata.

Akwai abin da ba ka sani ba. Ranar Talata kafin zaɓe na zo Gwandu. Ban sauka gidan kowa ba. Na sa takardar Alhaji a jaka, na ce gani ya kori ji, in na ga an wulaƙanta gidan, daga can kotu zan wuce. Na ja lulluɓi na bi lungun da hantsi.

Na tarar da mata sun kai talatin, da bokitai da tuluna a jere. Zanarka tana nan, ƙofofin ɗakuna ba wanda ya taɓa, an share tsakar gida tas, abin da ban yi ba shekara bakwai. Na tsaya a ƙarshen layi kamar kowa. Wata mai hannu naɗe da tsumma ta dube ni ta ce, "Inna, ke baƙuwa ta? Daga ina kinka hito?" Na ce daga nesa. Ta ce, "To taho gaba, baƙo ba ya layi ga ruwa." Ta ja da hannu ɗaya ta miƙo mini a ƙwarya. Na ce rijiyar wa ce? Ta ce, "Ta Inno ta, wata tsohuwa da ta rasu. Ɗiyarta na Kalgo. Mu munka hwasa mata katanga, kullum muna jin tsoron ranar da za ta zo."

Na sha. Ruwan yana nan yadda na san shi, da ɗan sanyin nan da ke kama haƙori. Na zauna a gindin darbejiya na yi kuka, suka ɗauka gajiyar hanya ce. Ban gaya musu ko ni wace ce ba. Takardar Alhaji kuwa, da na dawo na hura wutar shinkafa da ita.

Yanzu ka saurare ni. Ka rubuto mini cewa ladan na Inno ne. Ashe ladan yana da sharaɗi, sai an tsaya bayan hotonka. Wata uku ina zarginka cewa ƙuri'a kake nema ba ruwa ba, kana rantsuwa, yau ka tabbatar mini da tubalinka. Matan nan ba su ci amanarka ba. Kai in ka faɗi gidanka za ka koma da fanshonka. Su in an gan su a layinka, mazansu ne za su rasa rumfa. Ka sa su zaɓi tsakanin ruwa da tuwo a gaban mai tuwon, sannan kana fushi.

Ba za a rufe rijiyar ba. Ba don kai ba, ba kuma don na daina tsoro ba. Na faɗa maka tun farko rijiyar da gari ya sha ta zama ta gari, kuma na gani da idona ta riga ta zama. Ba zan kai tsufana a gidan da mata talatin ke wuce bayansa da tulu babu komai suna tuna sunan uwata ba.

Amma tubalinka ba zai koma ba, alkawari ne. Za a yi katangar, sai dai ba inda take da ba. A ja ta ta gaban ɗakuna, rijiya da darbejiya su faɗa waje, ɗakuna biyu da madafa su zauna ciki. Na auna da ƙafata ranar, kusan rabin tsakar gidan ke nan ya tafi, har da inda Inno ke shanya. Na san abin da na bayar, kada kowa ya zo yana yi mini godiya da baki yana ƙara taku ɗaya. Za a rubuta a gaban alƙali cewa sadaka ce ga shiya, ba a sayarwa, ba a sa mata inji, ba a kiranta da sunan ɗan takara, na bana ko na baɗi. Kai za ka sa hannu cikin shaidu, tunda ka saba.

Bayan babbar salla zan kwaso kayana in dawo. In ina son ruwa in ɗauki bokiti in zagaya ta lungu in bi layi, don ni ba baƙuwa ba ce.

Maganar wuta, na ga hannun Hauwa'u, ba wanda zai yi wa kansa haka don a ba shi wani abu. Amma an kuma gaya mini kai ka yi mata sabon rufi, mijinta kuma shi ke riƙe maka lasifika wajen taro. Wata rana in ce ƙaddara ce, wata rana in ce Sambo ne. Na bar ka da Allah, shi ya san abin da ya faru ranar Juma'ar nan.

Ina tafe ranar Laraba mai zuwa da motar safe. Kada a aza tubali ko ɗaya sai ina tsaye a wurin, igiyar awo kuma ni zan riƙe bakinta.

Taubashiyarka,
Hadijatu.